Furfurar Jirgin Bunu

A mashigin Kanya, inda ake fito da mutane daga ɓangaren Haɗeja zuwa ƙauyukan tsallake, ba a tambayar mai jirgi shekarun jirginsa. An daina tun zamanin kakanni, domin an lura cewa mutumin da ba zai yi maka ƙarya a kan gona ko gado ba, in aka zo maganar jirgi sai ya rantse maka nasa ya girmi kogin. Saboda haka dattawa suka ce gani ya kori ji. Duk shekara in ruwa ya fara saukowa, sai a jera jirage a kan yashi, Sarkin Jirgi ya zaga da dattawansa su duba. Jirgin da rana ta fi gasawa, katakonsa ya koma toka-toka, shi ne babba. Wannan launin shi suke kira furfura. Mai shi ne zai ɗaure a gindin kanya, daidai inda hanya ta gangaro, shi ake fara gaisarwa, nasa ake fara shiga. Saura su biyo baya gwargwadon furfurarsu, har a kai ga masu sababbin jirage can ƙurya, cikin kacala, inda ba komai sai laka da sauro.

Malam Bunu ma daga cikin kacalar nan ya fara. An sassaƙa masa jirginsa daga gungumen maɗaci a shekarar da aka haifi autarsa Mansura, ya yi ta matsowa sannu a hankali kamar mai bin layin awo, har Allah ya kawo shi gindin kanya. Mutane suna kiran jirgin Dattijo. In za a faɗi gaskiya, Bunu ya fi ji da furfurar jirgin a kan ta kansa, wadda ko banza hula ke rufewa. Kullum da safe sai ya shafa gefen Dattijo kafin ya amsa gaisuwar kowa. Mai bi masa a layi shi ne Badaru, wanda aka sassaƙa wa nasa jirgin bayan Mansura ta shiga firamare. Badaru mutum ne mai yawan dariya, irin dariyar nan da ke sa ka waiwaya ka duba ko wandonka ya yage.

Abu ɗaya ne ke damun Bunu, kuma bai faɗa wa kowa ba. Bakin Dattijo ya fara tsattsagewa. Yakan cusa auduga ya bi da kwalta, wata tsagar ta buɗe a gaba. Ana cikin haka, gab da ƙarshen bazara, Mansura ta zo hutu daga jami'a inda take karatun sinadarai, riƙe da galan da ta hana ɗan acaɓa ya taɓa.

Ta bi shi bakin kogi, ta durƙusa ta leƙa tsagar, ta ce, "Baba, ba ruwa ke cin jirginka ba, rana ce. A cikin haskenta akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, shi ke cinye abin da ya riƙe katako. Wannan man da muka haɗa a makaranta kamar banish ɗin kafintoci yake, amma akwai garin tutiya a ciki, an niƙa shi har ya wuce a kira shi gari. Nano muke ce masa. Ƙwayoyin su ke tare hasken, ba sa barin ya kai ga katako."

Bunu ya karɓi galan ya girgiza, ya buɗe ya leƙa. Ya ce, "To ni ban ga gari ba."

"Ai in ka gan shi aiki ya ɓaci, Baba."

"Hasken da ba a gani, da maganin da ba a gani," in ji Bunu. "Allah dai ya sa sakamakon jarrabawar ana ganinsa."

Ta yi dariya, ta ce wannan shi ne aikinta na kammala karatu, kuma abokanta duk a kan 'yan guntayen katako suka gwada, ita ce kaɗai za ta gwada a kan jirgi mai aiki. Bunu ba ya iya ce wa auta a'a. Ban da haka, ya yi lissafi irin nasa: abin da ba a gani ba zai taɓa abin da ake gani ba. Ya ce ta shafa. Bai tambayi yadda ake shafawa ba, ita kuma ba ta ga abin faɗa ba. Washegari ya tafi ta'aziyya Birniwa, ya yi 'yan kwanaki.

Ranar da ya dawo, tun daga saman gangare ya hango taro a gindin kanya. Ya zaci wani ya nutse. Da ya kutsa sai ya tarar ba wanda ya nutse sai shi. Ashe man ba ya kama mataccen katako, don haka Mansura ta kira Filibus kafinta daga cikin gari, ya zo da sanfefa, suka goge Dattijo ciki da waje kafin su shafa. Ga jirgi nan kwance jajawur kamar jan goron da aka fasa yanzu, yana ƙyalli, babu furfura ko ta rantsuwa.

Badaru ne ya fara magana. Ya ce, "Malam Bunu, ashe ango aka yi ba a gayyace mu ba?"

Aka kwashe da dariya. Kafin la'asar sunan Ango ya bi gari, ba a ƙara jin an ce Dattijo ba.

A gida Bunu ya zauna a kan tabarma, ya ƙi taɓa tuwo. Ya ce, "Mansura, ina furfurar?"

"Baba, ai wannan mataccen katako ne. Bai fi kaurin ɓawon albasa ba. Kafin azahar muka gama kankare shi. Da ka ga yadda cikin yake da lafiya."

Duk cikin abin da ya faru, wannan maganar ce ta fi yi masa ciwo. Abin da ya tara tun tana zanin goyo, an gama da shi kafin azahar. Iya, matarsa, ta tura masa kwano ta ce, "Malam, ka yi wa yarinya godiya mana, hannunta duk ya yi kanta." Ya yi godiyar, irin wadda ake yi wa mai cire haƙori.

Da farko bai karaya ba. Ya ce ai ranar Haɗeja ba a yi mata wargi, ranar da ke narka kwaltar titi ba wani garin da ba a gani ne zai gagare ta ba. Mansura tana komawa makaranta ya ja jirgin fili, ya dinga juya shi safe da yamma kamar mai shanya kilishi. Rana ta yi iya yinta. Ta ƙone masa ƙeya, ta saɓule masa hanci, amma jirgi ko gezau.

Rana ba ta ƙarya, ruwa ya sauko, aka jera jirage. Sarkin Jirgi Tukur aminin Bunu ne tun suna yara. Ya zo kan jirgin ya tsaya, ya daɗe yana kallo, yana tauna goro a hankali.

Bunu ya ce, "Sarki, ai ka san shi."

"Na san shi," in ji Tukur. "Ni na riƙe igiya ranar da aka fara saka shi a ruwa. Dukanmu nan mun san shi."

"To?"

"To ba sani aka aiko mu ba, Bunu, gani aka aiko mu. In na karɓi sani a wurinka yau, gobe kowa zai zo da nasa sanin."

Dattawa suka gyaɗa kai, suna jin daɗin yadda suka riƙe gaskiya. Aka ba Badaru gindin kanya. Shi kuwa Bunu, da yake ko jiragen da aka sassaƙa wa yara bara sun fara dushewa, wurinsa ya faɗo can ƙarshe. Ya ja jirginsa da kansa ya wuce su ɗaya bayan ɗaya, yana jin idanunsu a bayansa, har ya shige cikin kacalar da ya baro tun yana da baƙin gemu.

Daminar nan Bunu ya sha takaici. Masu kai shinkafa kasuwa, da mata masu kifi, da 'yan cin kasuwar Kafin Hausa, duk gindin kanya suke tsayawa. In jirgin Badaru ya cika su shiga na biyu, in ya cika su jira ya dawo. Wata rana Bunu ya kira wata tsohuwa mai tallar daddawa, wadda ya yi shekaru yana hayewa da ita. Ta dubi jirgin ta ce, "A'a Malam, sabon jirgi bai san kogi ba. Ni da jikoki." Ta je ta shiga na Badaru, wanda yoyonsa ya kai a miƙa wa kowane fasinja ƙwarya tun kafin ya zauna. Haka za ka hango su a tsakiyar kogi suna kwarfar ruwa, zannuwa sun jiƙe, suna cewa ka ga jirgi mai tarihi. Na Bunu kuwa ko ɗigo ba ya sha, amma ba mai shiga sai baƙon da bai san komai ba, ko mai akuyar da aka ƙi ɗauka.

Ya gwada toka, igiyar ruwa ta farko ta wanke ta. Ya gwada laka, ta bushe ta zube ta bar jirgin yana ƙara ƙyalli. Abin haushi kuma, zancen ɓawon albasa ya bazu a mashigi. Samari suka gane cewa tunda furfura a sama take, ai ana iya ɗora ta. Wannan ya kwaɓa farar ƙasa, wancan ya jiƙa toka da ƙanzo, har sai da Sarki Tukur ya fara yawo da ruwa a buta yana zuba wa jirage yana murzawa da yatsa. Kowa ya samu hanyar tsufa sai mai tsohon jirgi na gaske.

Mansura takan bugo waya, murya cike da murna. "Baba, yaya jirgi? Bai canza ba ko?"

"Bai canza ba," in ji Bunu.

"Alhamdulillahi. Malamata ta ce in ruwa ya sake saukowa za ta biyo ni ta gani da idonta. Don Allah Baba, kar ka bari kowa ya taɓa shi."

Ya ce to. Kuma bai bar kowa ya taɓa ba, wannan kam ya cika alkawari.

Ruwa ya janye, aka shuka alkama a fadama, aka girbe, zafi ya kama. Bunu ya dubi jirgi ya ga yana nan yadda Mansura ta bar shi, ya gane cewa in ya zauna jiran rana, a cikin kacala za a yi masa sallah. Ya shiga gari wurin Filibus ya ce a sayar masa da sanfefa mai kaushi. Filibus ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Baba, na me?" Da ya dubi fuskar Bunu sai ya gane nufinsa. Filibus ya ce, "Ka yi haƙuri, hannun da ya shafa ba zai kankare ba. Yarinyar nan ta sha wahala a kan aikin nan." Bunu ya fito yana gunaguni a kan kafintocin zamani masu wa'azi. A hanya ya tsinci kwalba ya fasa.

Ya ja jirgin bayan wata kwana inda ba mai wucewa, ya duƙufa. Man nan ya kama katako kamar da shi aka halitta shi, sai ya danna da ƙarfi yake tashi, yana tafiya da naman itacen. Ya kankare ciki, ya kankare waje, yatsunsa duk suka yayyanke. Da ya iso goshin jirgin sai ya tsaya. A nan akwai wani ɗan tambari a cikin man, shatin babban yatsa, inda Mansura ta danna don ta ji ko ya bushe. Ya ɗora kwalba a kai, ya ɗauke. Ya sake ɗorawa, ya sake ɗaukewa. Daga ƙarshe ya kankare kewaye, ya bar wuri kamar faɗin tafin hannu.

Iya ta ga yatsun ta gane. Ta ce, "Malam, tsaranka na shafa wa furfura baƙi, kai kana nemo wa katako ita. Ka dai yi a hankali, kar garin neman ƙiba a samo rama."

Ya ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Ta ce, "Ni ce yaron?" Ta ɗauki tsintsiyarta ta bar masa wurin.

A al'ada, ko masu son furfura sukan rufa wa jirgi zana in zafi ya tsananta, su riƙa watsa masa ruwa don kar ya bushe ƙayau. Bunu ya san wannan tun kafin a haifi Badaru. Amma yana sauri, furfurar shekaru yake so ya biya a bazara ɗaya. Ya bar jirgin a kan yashi tsirara, ba zana ba ruwa. Wannan karon rana ta karɓi aiki hannu bibbiyu. Ja ya koma ruwan ƙasa, ruwan ƙasa ya dushe, sai ga toka-toka ta fara fitowa, har ta fi ta da. Bunu yakan zauna a inuwa yana kallo, zuciyarsa fari ƙal. Wani lokaci da tsakar rana yakan ji katakon ya yi ƙas, sai ya ce wa kansa Dattijo ne ke gyaran murya.

Ranar duba jirage ya naɗe igiya ya ɗora a goshin jirgin, daidai kan wurin da ya bari. Sarki Tukur ya zuba ruwan butarsa ya murza, bai fita ba. Ya dubi dattawa, suka dube shi. Ya ce, "Yau kam mun gani." Badaru ya buɗe baki zai yi dariya, ya rasa ta inda zai fara. Bunu ya ja jirginsa ya wuce su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya wuce bara, sai dai wannan karon kansa a sama, ya ɗaure a gindin kanya. Ya ji daɗin da bai ji ba ko ranar aurensa.

Washegari kasuwa ce. Mutane suka gangaro, suka gaishe shi da fari, suka cika jirgi. Tsohuwa mai daddawa ce a gaba, tana cewa ai dama ta san Dattijo zai dawo. Bunu ya dafa gora ya tura. Bai yi nisan gorar ba ya ji sanyi a tafin ƙafarsa. Ya duba ƙasa. Tsaga ce ta bi tsakiyar jirgin tun daga inda yake tsaye har kusan goshi, nauyin mutane ya buɗe ta, ruwa na ɓulɓulowa kamar idon rijiya. Allah ya taimaka wurin bai wuce ƙugu ba. Aka dira, aka fito da kaya a ka, daddawa dai ta tafi. Bunu ya cusa auduga, ya zuba kwalta, ta ƙi. Aka kira Filibus, ya zaga jirgin sau ɗaya, ya sa yatsa a tsagar har ya ɓace, ya girgiza kai, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Badaru ya kai ƙara wurin Sarki, ya ce jirgin da ba ya hayewa ba shi da hurumin tare gindin kanya. Dattawa suka zauna suka tattauna sosai. Tukur ya fito ya ce sun bincika al'ada daga farko har ƙarshe, furfura ta ambata, ba ta ce komai a kan hayewa ba. Saboda haka wuri na Bunu ne. Aka taimaka masa aka jawo Dattijo kan tudu, a jikin saiwar kanya. Kowa ya fahimci abin da hakan ke nufi: jirgin da ke kwance a tudu kullum ƙara furfura yake, ba mai sake kamo shi har abada.

A makon ne Mansura ta iso da malamarta, wata mace mai gilashi da saurin magana. Suka tarar da Bunu zaune a cikin jirgi a kan busasshiyar ƙasa. Mansura ta tsaya cak. Malamar kuwa ta zaga, ta ɗaga igiyar goshi, sai ga wurin nan kamar faɗin tafin hannu, ja, sumul, ko tsaga ɗaya babu, kewaye da katakon da ya farfashe kamar ƙasar fadama a bazara. Ta ciro waya tana ɗaukar hoto ta kowane gefe.

"Mansura, kin ga abin da aikinki ya rasa," in ji ta. "Itace ɗaya, rana ɗaya, nan da mai, nan babu. Baba, sannu da ƙoƙari, ko mu a makaranta ba za mu tsara gwaji ya kai wannan ba."

Bunu ya ce, "Yauwa."

Mansura ba ta yi murna ba. Ta durƙusa ta ɗora babban yatsanta a kan shatin, ya zauna daidai. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Baba, me ya sa ka bar nan?"

"Kwalbar ce ta dakushe."

Ta gyaɗa kai kamar ta yarda. Ta bi doguwar tsagar da ido har inda ta ƙare a ƙarƙashin ƙafarsa. Ta ce, "An dai mayar maka da wurinka?"

"An mayar."

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba ko ranar da ya shiga kacala. Ya so ya ce mata wani abu a kan shekarar da aka haife ta, da yadda ya fara ɗora ta a goshin nan tana rarrafe, amma maganar ta ƙi fitowa.

Sai ga wata mata ta gangaro da buhun shinkafa a ka da yaro a baya. Ta sauke kaya, ta durƙusa ta gaishe shi da fari kamar yadda aka saba, ta tambayi gida da iyali, ya amsa mata ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Baba, wane jirgi ne zai tashi yanzu?"

Bunu ya ɗaga hannu ya nuna mata na Badaru. Ya ce ta karɓi ƙwarya tun kafin ta zauna, yana ɗan yoyo.